Kansar huhu: abin da ƙasashe suka gwada, da abin da ya rage mutuwa

Babu kansar da ke kashe mutane a duniya kamar ta huhu. Cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Lyon na Faransa, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an gano cutar a jikin mutum kusan miliyan 2.5, kuma miliyan 1.8 sun rasu sanadinta. Ke nan cikin duk mutum biyar da kansa ta yi ajalinsu a shekarar, kusan ɗaya ta huhu ce ta kai shi.

Makomar mai wannan cuta ta rataya ne a kan ranar da aka gano ta. Idan an same ta tana ɗan ƙari a cikin huhu, ba ta tsallaka ko'ina ba, wajen mutum shida cikin goma suna nan da ransu bayan shekara biyar. Idan kuwa ta riga ta kai ƙashi ko hanta ko ƙwaƙwalwa, waɗanda ke kaiwa shekara biyar ba su cika ɗaya cikin goma ba. Abin takaicin, galibin masu ita sai ta riga ta bazu ake samunsu. Tsokar huhu ba ta da jijiyoyin jin zafi, don haka ƙari zai iya shafe watanni yana girma mutum na harkokinsa. Alamar farko sau da yawa tari ce, mai shan taba kuwa ya daɗe da sabawa da tari. Kafin jini ya fito a kaki, ko rama ta bayyana, ko numfashi ya fara sarƙewa, aiki ya yi nisa. A Ingila, duk da asibitocinta, wajen kashi ɗaya cikin uku na masu cutar sai an kwaso su ranga-ranga zuwa sashen gaggawa ake sanin abin da ke damunsu.

Duk wani shirin ƙasa a kan kansar huhu, kowane suna aka ba shi, kokawa ce da wannan jinkiri. Wasu ƙasashe sun ci riba, wasu sun zuba kuɗi ba su ga canji ba, kuma akwai dalilin da ya sa.

Taba ce mafari, tun da ita ke haddasa wajen kashi 85 cikin 100 na cutar. A 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka bi majinyata a asibitocin Landan suka nuna alaƙar, a 1964 kuma babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoton da ya rufe bakin masu musu. A lokacin sama da kashi 40 cikin 100 na manyan Amurkawa suna shan sigari. Zuwa 2022 sun koma wajen 11 ko 12. Sai dai mutuwar maza daga kansar huhu a ƙasar ba ta fara sauka ba sai wajen 1990, domin tsakanin karan sigari na farko da fitowar ƙari akan ɗauki shekara ashirin zuwa talatin. Wannan tazara ce ke sa 'yan siyasa yin sanyi: wanda ya ƙara wa taba haraji yau shi zai sha zagi, wanda zai hau mulki bayan shekara ashirin shi zai ga gadajen asibiti sun ragu.

Duk da haka an san abin da ke aiki. Yarjejeniyar taƙaita taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara aiki a 2005, kuma ƙasashe sama da 180 sun shiga. Ailan ta hana shan taba a wuraren aiki, har da gidajen giya, a 2004. Ostireliya ta tilasta sayar da sigari a kwali marar ado, mai ɗauke da hotunan illar da yake yi, a 2012. Haraji ya fi su duka ƙarfi: idan farashi ya tashi da kashi 10, sha yakan ragu da kashi 4 zuwa 5, kuma matasa da masu ƙaramin ƙarfi ne suka fi janyewa. Niyu Zilan ta yi dokar da za ta hana sayar wa duk wanda aka haifa daga 2009 taba har ƙarshen rayuwarsa, amma da aka sauya gwamnati sai aka soke ta a 2024 tun ba ta kai ga aiki ba. Sin kuma tana da masu shan taba wajen miliyan 300, kamfanin da ke sayar musu da tabar na gwamnati ne, ita gwamnatin ce kuma ke ɗaukar nauyin jinyar sama da mutum miliyan ɗaya da ke kamuwa da kansar huhu a shekara.

Akwai wata illa da yaƙi da taba ya haifar ba da niyya ba, kuma ina ganin ba a ba ta muhimmancin da ya kamata. An shafe shekaru ana gaya wa jama'a cewa sigari na jawo kansa, gaskiya ne kuma, har ta kai mai kansar huhu shi kaɗai ne majinyacin da ake tarba da tambayar "ai kana shan taba ko?" kafin a ce masa sannu. Mutumin da ya san za a ce shi ya jawo wa kansa, yakan haɗiye tarinsa ya ƙi zuwa asibiti. Wanda bai taɓa sha ba kuma, shi da likitansa duka ba sa kawo cutar a ransu. Alhali hayaƙin wasu, da iskar radon da ke tasowa daga ƙasa ta taru a ɗakuna, da ƙurar asbesto, da hayaƙin dizal, da na kwal a madafa, duk an tabbatar suna haddasa ta. Tun 2013 cibiyar Lyon ta sanya gurɓatacciyar iskar gari a jerin abubuwan da ke jawo kansa kai tsaye. Shi ma mashayin, galibi yana yaro ya fara, a hannun kamfanonin da suka san abin da suke sayarwa. Haƙƙinsa ne a duba shi ba tare da gori ba, a kuma taimaka masa ya daina, domin wanda ya bari kafin ya kai shekara 40 ya kauce wa wajen kashi 90 na haɗarin mutuwar da taba ke ƙara masa.

To, yaya za a kama cutar da ba ta yin hayaniya? Shekaru da dama an sa rai a kan hoton ƙirji na yau da kullum. Manyan bincike sun nuna cewa yi wa masu lafiya wannan hoton duk shekara bai rage mutuwa ba, saboda ƙananan ƙari suna ɓuya a bayan haƙarƙari da zuciya. Abin da ya sauya lissafi shi ne na'urar CT da aka rage wa ƙarfin hasken da ke ratsa jiki, wadda ke ɗaukar huhu yanki-yanki cikin 'yan daƙiƙu. A 2011 aka fitar da sakamakon wani bincike a Amurka mai mutum sama da 53,000, duk waɗanda suka daɗe suna shan taba: waɗanda aka yi wa CT sun samu raguwar mutuwa daga kansar huhu da kashi 20 idan aka kwatanta da waɗanda aka yi wa hoton ƙirji. A 2020 wani binciken a Holan da Beljiyam ya samu raguwar kashi 24 a tsakanin maza bayan shekara goma.

Amma na'urar tana gani fiye da kima. A binciken Amurka, kusan hoto ɗaya cikin huɗu ya nuna wani ɗigo mai sa shakka, kuma sama da kashi 95 na waɗannan ɗigo-ɗigon ba kansa ba ne, tabon tsohon ciwo ne ko makamancinsa. Kowane ɗigo kuwa mutum ne da zai kwana cikin zullumi, wani a sake masa hoto, wani a soka masa allura a huhu, wani har a kai shi tiyata a kan abin da ba zai taɓa cutar da shi ba. Sai an tantance mutum wajen 320 kafin a ceci rai ɗaya. Shi ya sa ba kowa ake gayyata ba, sai masu haɗari sosai, kuma daga baya masana suka koma auna girman ɗigon da saurin girmansa maimakon ɗaga hankali a kan kowanne.

Yadda Amurka da Ingila suka aiwatar da wannan ilimi ɗaya ya isa darasi. Amurka ce ta riga kowa: tun 2013 aka ba da shawarar tantancewa, a 2021 aka faɗaɗa ta zuwa masu shekara 50 zuwa 80 da suka sha kwatankwacin kwali guda kullum tsawon shekara 20. An sassauta sharaɗin ne bayan an lura cewa mata da baƙaƙen fata suna kamuwa ko da ba su sha da yawa haka ba, tsohon ma'aunin yana barin su a waje. Inshora na biya, na'urori ga su nan birjik. Duk da haka waɗanda suka cancanta kuma suke zuwa ba su kai ɗaya cikin biyar ba. An bar wa mutum ne ya san da shirin, ya samu likita, ya nemi a rubuta masa, ya ɗauki hutun aiki ya je. Mashayan da suka fi haɗari kuwa su ne talakawa, masu aikin ƙarfi, mazauna nesa da manyan asibitoci, waɗanda ba su da lokacin wannan zirga-zirga.

A Manchesta, a 2016, likitoci suka juya abin. Suka ɗora na'urar a kan babbar mota suka ajiye ta a harabar manyan kantuna cikin unguwannin da suka fi talauci. Suka aika wa mutane takardar gayyata da sunansu. Ba su ce a zo gwajin kansa ba, suka ce a zo duba lafiyar huhu, don kada tsoro ya kori kowa. Nas za ta yi maka tambayoyi, idan haɗarinka ya kai sai ka shiga motar nan take, a gefe kuma ga mai taimaka maka barin taba. Kusan kashi 80 na kansar da aka gano tana matakin farko-farko. Hukumar lafiya ta Ingila ta yaɗa tsarin zuwa wasu yankuna daga 2019, a 2023 gwamnati ta mayar da shi shirin ƙasa ga masu shekara 55 zuwa 74 da suka taɓa shan taba. Zuwa ƙarshen 2024 an gano sama da mutum 5,000, kashi uku cikin huɗu a mataki na ɗaya ko na biyu, inda a da waɗanda ake samu da wuri haka ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Na'ura iri ɗaya ce da ta Amurka. Bambancin shi ne wa ya ɗauki wahalar zuwa wurin wa.

Koriya ta Kudu ta fara nata shirin a 2019, Kuroshiya a 2020, Ostireliya a Yulin 2025. Taiwan ta bi wata hanya daban a 2022, domin a can fiye da rabin masu cutar ba su taɓa shan taba ba, a cikin mata ma ya haura tara cikin goma. Sai ta haɗa da waɗanda iyayensu ko 'yan'uwansu na jini suka yi cutar. Masana na ja-in-ja a kai har yanzu, saboda an ga adadin ƙananan ƙari da ake ganowa a mata ya ninka sau da yawa ba tare da masu zuwa a makare sun ragu ba, alamar cewa ana yi wa wasu tiyata a kan ƙarin da zai iya zama shiru har tsufansu.

Yanzu ga inda na fi son mai karatu ya tsaya. Gano ɗigo a hoto somin-taɓi ne. Bayan shi sai an ciro ɗan yanki daga ƙarin, ta maƙogwaro ko ta ƙirji, likitan ɗakin gwaji ya duba ya faɗi nau'insa, a sake hoto don sanin inda ya kai, a gwada ko huhun da zuciyar za su jure tiyata, sannan a yanke shawara. Idan kowane mataki na da layin sati uku, sama da wata uku ya tafi, wanda ya shigo ana iya yi masa aiki ya koma wanda ba a iyawa. Ƙasar da ta sayi na'urar tantancewa ba ta gyara wannan hanya ba, ta kashe maciji ne ba ta sare kansa ba.

Denmak ta gane haka da wuri. Ƙasa ce mai arziki da asibiti kyauta, amma a lokacin masu kansa a cikinta sun fi na maƙwabtanta mutuwa. A 2000 ta buɗe rijistar ƙasa ta kansar huhu, inda ake shigar da kowane majinyaci: yaushe aka turo shi, yaushe aka tabbatar, me aka yi masa, ya rayu ko bai rayu ba. Ana buga sakamakon kowane asibiti a fili. Aka tattara tiyatar huhu daga sassa barkatai zuwa cibiyoyi huɗu, domin hannun da ke yin aikin kullum ya fi na mai yi jefi-jefi. Daga 2008 aka shimfiɗa wa kowace kansa hanya mai ƙayyadaddun kwanaki, da zarar likitan unguwa ya yi zargi agogo ya fara bugawa. Ba wani sabon magani aka ƙirƙiro ba, amma masu tsira suka ƙaru.

Birtaniya ma ta fara irin wannan ƙidaya a tsakiyar shekarun 2000, abin da ta gano kuma ya ba da kunya: mutum biyu masu cuta iri ɗaya a mataki ɗaya, ɗaya a yi masa tiyata, ɗaya a ce ya tsufa ko ba zai jure ba, saboda kawai garin da kowannensu yake. Da aka baje alƙaluman, asibitocin da ke baya suka ga kansu, cikin wajen shekara goma adadin tiyatar kansar huhu ya ninka. Ƙidayar ta kuma nuna cewa majinyacin da ya haɗu da nas ƙwararriya a kan kansar huhu ya fi samun magani. Ita ce ke bin sakamakon gwaji idan ya maƙale, ita ke ɗaukar waya idan hankalin iyali ya tashi. A 2017 aka tsara cewa daga turowa zuwa fara magani kada ya wuce kwana 49. Asibitoci da yawa ba su cika wannan ba har yau, amma aƙalla an san wanda ya makara da kwana nawa. A ganina wannan ɗabi'ar ta ƙirga kai da gaskiya ta fi kowace na'ura tasiri, kuma ta fi su araha nesa ba kusa ba.

Ga waɗanda aka samu a makare ma, abubuwa sun canja. A 2004 aka gano cewa wasu ƙari suna rayuwa ne a kan wata tangarɗa guda a ƙwayar halitta mai suna EGFR, kuma ƙwayar magani da ake haɗiya kullum tana iya toshe ta. Ana samun wannan tangarɗa a wajen kashi 10 zuwa 15 na majinyata Turawa, a gabashin Asiya kuwa tana kusan rabi a nau'in da ya fi yawa. Daga 2015 kuma aka fara ba da magungunan da ke sakar wa garkuwar jiki mara ta far wa kansar da kanta, binciken da ya ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018. Akwai masu cutar a mataki na huɗu, wato wadda ta riga ta bazu, da a da ake ba su watanni, yau suna shekara biyar da ƙari. Sai dai ba a ba da waɗannan magunguna da ka, sai an gwada yankin da aka ciro, kuma tsadarsu ta fi ƙarfin kusan kowane gida. Nan ma hannun gwamnati ake buƙata. A 2016 Sin ta zauna da kamfanoni ta ce za ta saya wa al'ummarta gaba ɗaya, farashin gefitinib, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke toshe tangarɗar EGFR, ya faɗi da fiye da rabi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan rukunin ƙwayoyi a jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba.

Ƙasashen da tarin fuka ya yi wa katutu suna da tasu matsalar daban. Tari mai daɗewa, jini a kaki, rama, inuwa a hoton ƙirji: alamomin cutukan biyu kusan ɗaya ne. Ma'aikacin lafiya da ke ganin masu tarin fuka kullum zai ɗora mutum a kan maganin wata shida ko da gwajin kaki bai nuna komai ba, wani lokaci ma a sake zagaye na biyu. Kafin wani ya ce a duba kansa, shekara ta wuce. Don haka ƙananan alƙaluman kansar huhu da ake gani daga ƙasashen Afirka da dama ba shaidar lafiya ba ne, da yawa an binne su ne da sunan wata cuta. Hotunan tantancewa ma a irin waɗannan wurare za su cika da tabon tsohon tarin fuka, a yi ta bin ɗigon da ba kansa ba. Ga ƙarancin likitocin ɗakin gwaji da na tiyatar ƙirji, ga kuma na'urar gashi, wadda ke ƙone ƙari da haske: lokacin da hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta ƙaddamar da shirinta na tallafa wa jinyar kansa a 2022, ƙasashen Afirka sama da 20 ba su da ko guda ɗaya.

Ƙasa irin wannan idan ta kwaikwayi motar Manchesta ta fara daga inda bai kamata ba. Abin da ke hannunta shi ne harajin taba, wanda ke kawo kuɗi maimakon ya ci. Sai ƙa'ida a asibitocin tarin fuka, waɗanda tuni suke ko'ina, cewa duk wanda gwajinsa bai nuna ƙwayar cutar ba, ko bai ji sauƙi ba bayan makonni a kan magani, a tura shi CT da ciro yanki, kada a sabunta masa kati. Sai cibiyoyi kaɗan masu cikakkun kayan aiki maimakon da yawa masu rabi-rabi, da rijistar da za ta faɗi gaskiyar adadi.

Akwai kuma kulawar rage raɗaɗi, wadda ake yawan ɗauka a matsayin sallama. A 2010 wani asibiti a Boston ya raba majinyata 151 masu kansar huhu da ta bazu gida biyu. Duka an ba su maganin kansa, amma rukuni ɗaya an haɗa su tun daga farko da masu kula da ciwo, da sarƙewar numfashi, da damuwa, da tattaunawa da iyali a kan abin da ke tafe. Waɗannan sun fi samun natsuwa, ba su sha wahalar magunguna marasa amfani a kwanakin ƙarshe ba, kuma sun rayu wata 11.6 a tsaka-tsaki, ɗaya rukunin wata 8.9. Yuganda ta nuna cewa ba sai mai arziki ke iya wannan ba: tun farkon shekarun 1990 ake haɗa ruwan mofin, maganin kashe zafi, mai araha a cikin ƙasar, a 2004 kuma ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi, saboda majinyacin ƙauye da numfashi ke gagara ba zai iya jiran likitan da ke birni ba.